Ƙyallen da Baba Ya Auna wa Ƙafarsa

Mahaifina, Malam Hamidu, tela ne a kasuwar Konni, kuma shekarunsa a kan keke sun fi nawa a duniya. Kekensa na ƙafa ne, irin na dā mai baƙin kai. Bayan ɗinkin kasuwa, shi ne mai yanka likkafani idan aka yi rashi a unguwarmu, bai taɓa karɓar ko dala a kai ba. Yanzu da ya warke har ya koma yi wa mutane faɗa a ƙofar gida, na ga ya kamata in rubuta yadda jinyarsa ta gudana, saboda masu ciwon suga a gidajensu, da kuma masu irin halinmu na yanke wa majinyaci shawara a bayan idonsa.

Ni ce Rakiya, 'yarsa ta fari. Ina aure a Illela, a can nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Da yake a wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, tun ina yarinya "ke" nake a bakinsa, ko "waccan". Ƙannena maza duk suna ci-rani, Inna kuma gwiwa ta hana ta sakat, don haka jinyar a kaina ta faɗo.

Abin ya fara ne da aikin Babbar Sallah, farkon damina. Baba ya daɗe da sanin yana da suga, amma maganin sai ya tuna yake sha, shayinsa kuwa idan cokali bai kusa tsayawa a ciki ba, a ganinsa ruwan zafi aka ba shi. Da ɗinki ya yi yawa ya cire takalmi yana taka keke ƙafa tsirara, ƙarfen ya goge masa ƙarƙashin babban yatsan dama. Bai ji zafi ba ko kaɗan, kuma wannan rashin zafin ne ya cuce mu. Inna ce ta ga jini a tabarma.

Makonni biyu na farko unguwa ce ta yi maganin. Wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa garin, wata ta kawo bagaruwa, wani zuma. Wanzami ya duba ya ce daji ne, kuma daji ba ya son allura, ranar da aka yi masa allura ranar zai fusata. Har an samu mai cewa abokan sana'a ne suka yi masa jifa, alhali rabinsu a ƙarƙashinsa suka koyi riƙon almakashi. Ni duk ba a gaya mini ba, wai kada a tayar mini da hankali kan ɗan gyambo.

A mako na uku aka ba mu hutu na zo gida. Tun daga zaure na ji warin. Da na kwance tsumman, yatsan ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli. Ban tsaya neman izini ba na kira kabu-kabu muka kai shi likita, wato ƙaramin asibitin garinmu. Majo, babban ma'aikacin jinyar da ya wanke ciwon, ya zage ni tas a gaban mutane, wai malamar lakwal guda ta bar ubanta ya ruɓe. Na haɗiye, domin ba lokacin bayani ba ne. Ya tura mu babban asibiti inda ake yin aiki, wanda ba zan kama sunansa ba.

Ƙanen Baba, Baffa Illa, direba ne, shi ya ɗauke mu a motarsa. Mun isa da hantsi, ba mu ga fuskar mai duba mu ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, na awon jini daban, kowane magani kuma sai ka fita waje ka sayo. Awakin Inna da ake kiwata mata a Bazaga, garin su Baba na asali, a wannan makon suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Amma an ba mu gado, an sa masa ƙarin ruwa, kuma ma'aikatan, duk da bakinsu, ba su taɓa tsallake wankin ciwon ba.

Ana cikin mako na huɗu wani matashin ma'aikaci ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo. Da ya ji ni malama ce sai ya juya harshe zuwa Faransanci, a nan tsaye bisa kan Baba, ya ce mini ƙafar ba za ta yi ba, sai an yanke. Ni ma da Faransancin na amsa. Baba yana kwance yana bin bakinmu da ido, da ya tambaya aka ce masa ana samun sauƙi.

Na gaya wa Baffa Illa a gindin bishiyar da masu jinya ke girki. Dukanmu mun san maganar da Baba ya saba yi duk lokacin da ya ga mai ƙafa ɗaya a kasuwa, cewa shi da ƙafarsa biyu za a sa shi a ƙasa. Baffa ya kira ƙannena a waya, aka yi ta juya magana, daga ƙarshe shi ya yanke.

"Kowa shi kama bakinai," in ji shi. "A ce mai wankin ciwo za a yi, sai an sa shi kwana. In ya tashi aiki ya wuce. Shi yi hushi wata guda, shi huce. Gwamma hushinai da gawatai."

Ni ma a ranar tare da Baffa nake. Haka muka taso muka ga ana yi, ba a gaya wa majinyaci mummunan labari, dangi ke ɗaukar nauyin su bar shi da addu'a. Babu wanda ya nufi Baba da mugunta a cikinmu.

Sai dai tun ranar Faransancin nan Baba ya sauya. Na dama kunu ya kau da kai. Na kawo fura ya ce ya ƙoshi. Mai allura ta zo ya naɗe hannuwansa a cikin riga ya yi kememe. Ko gyangyaɗi ya ɗauke shi, da ya ji takun ma'aikaci zai zabura ya dafe gwiwarsa. Mai suga kuma ba ya ci, ga ciwo yana cinsa, nan da nan idanunsa suka faɗa. Muka ce zafin ciwo ne.

Ni da Baffa muka je buro, wato ofishin likitar da za ta yi aikin, wadda kowa ke kira lokotoro. Wata 'yar gajeriyar mace ce, Hausarta ta Damagaram, ba za ta girme ni ba. Baffa ya shimfiɗa mata shirinmu dalla-dalla, da muryar mutumin da ya saba a ce masa to. Ta saurara har ya gama.

"Hankalinsa ya gushe ne?" ta tambaya.

"A'a, hankalinai garau."

"Yana gane mutane, yana gane magana?"

"Ƙwarai kuwa. Ai shi as sa ba mu son shi sani. Likita, mu ad da shi. Ni ƙanenai na, ga ɗiyatai ta hwari. Mun yarda."

"Ku ne danginsa, Alhaji, amma shi ne mai ƙafar. Da a sume kuka kawo shi, rai na fita, da da ku zan yi shawara. Mutum yana kallona da idonsa, ba zan sa shi barci in sace masa gaɓa ba."

Kalmar sata ɗin nan ta soki Baffa, ya miƙe yana huci, yana cewa yana da ɗiyar da ta kusa kai ta. Ni kuwa na fashe. Na ce mata idan ta faɗa masa zai ƙi, idan ya ƙi zai mutu, shin ita za ta ba ni wani uban?

"Zai iya ƙi," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Zan yi iya ƙoƙarina ya gane. Amma Malama, ba ke kika ce ya daina karɓar abinci daga hannunki ba? Yaushe ya fara?"

Na san ranar sarai, ranar Faransancin nan ce.

Ta sa aka turo Baba a keken marasa lafiya zuwa buronta, don kada maƙwabtan gado su ji. Ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da shi, ta gaishe shi kamar yadda ɗiya ke gaida uba. Sannan ta tambaye shi ko yana so ya ji gaskiyar ciwonsa da kunnensa, ko ta gaya wa wanda ya zaɓa.

"Yarinya, ƙahwar wa ta?" in ji Baba. "Hwaɗa mani. Tun randa anka koma Hwaransanci bisa kaina nas san magana ta ɓaci."

Ta tambaye shi wa yake so ya zauna. Ya dubi Baffa ya ce ya ɗan ba su wuri. Ni bai dube ni ba, ya dai nuna ni da haɓa ya ce, "Waccan ta tsaya."

Ta yi masa bayani da Hausa tsantsa. Naman ƙafar ya mutu, ruɓar tana hawa, idan ta shiga jini babu maganin da zai tare ta. Idan aka yanke yanzu, ƙasan gwiwa ne, kuma mai gwiwa yana iya tafiya sosai da ƙafar roba. Idan ba a yanke ba, ba ta jin zai ga kaka. Ta faɗi haɗarin aikin ma, ba ta ɓoye ba. Ta kuma ce masa ta yi alkawari babu allurar barcin da za a yi masa sai ya ce a yi.

Ina jiran ya yi rantsuwar nan tasa. Sai na ji ya ce, "In kunka yanke, ina kuke kai ta?"

Lokotoro ta ce idan dangi ba su nema ba, ma'aikata ke kawar da ita tare da sauran abin da ya fito daga ɗakin aiki. Idan kuma ya nema, tasa ce.

Baba ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. "Tun ina saurayi nike suturta mutane. Mai kuɗi da talaka, babu wanda nib bari ya tahi tsirara. Ni kuma a kwashi sashena a haɗa da tsumma da auduga a kai bola?"

Ashe abin da ke cinsa ke nan duk shekarun nan. Mun yi taro, mun ƙona kuɗin waya, mun shirya ƙarya, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa me yake tsoro.

Na ɗauka an gama, sai ya ce a sallame shi ya je gida tukuna. Yana so ya ji ta bakin liman, akwai ɗinkunan mutane a hannunsa, kuma yana da shirin da zai yi. Lokotoro ta ce masa kowace rana ruɓar na ƙara hawa, idan ya daɗe zai iya rasa gwiwar, zai iya rasa ransa. Ta maimaita, ta sa ya faɗa mata abin da ya gane. Ya faɗa tiryan-tiryan, ya ce duk da haka zai je. Ta ba mu magunguna, ta koya mini wankin ciwon, ta ce da na ga zazzaɓi ko ya fara sambatu in dawo da shi ko da gudu. Muna fitowa daga buron, Baba ya ce, "Ke, furar nan ta ɗazu tana nan?" Ya shanye kwanon tas, ya miƙa wa mai allura hannu da kansa.

Duk da haka na bi ta har baranda ina faɗa. Na ce ta san abin da zai faru ta sake shi, wannan wane irin tausayi ne? Ta juyo, na ga idonta ya yi ja. "Ni ma ba na so ya tafi," in ji ta. "Amma nan asibiti ne, ba gidan kaso ba."

A gida liman ya tabbatar masa babu laifi a yanke gaɓa don a tsira da rai, kuma gaɓar a naɗe ta a binne, ba a yi mata sallah. Baba ya sa aka kwaso ɗinkunan da bai gama ba, ya raba wa telolin da ya yarda da hannunsu, kowanne da bayaninsa. Ya aiki Baffa Bazaga ya nemo masa wuri a maƙabarta kusa da iyayensu. Sannan ya ce a kawo masa bandir ɗin alawayyo da yake ajiyewa don likkafani. Ya miƙe ƙafar a tabarma, ya ɗauki abin awonsa ya auna ta daga tafi zuwa ƙasan gwiwa, kamar ta wani baƙo. Ya yanka, ya zauna yana dajiya da allurar hannu. Inna ta kasa kallo ta shige ɗaki.

Ni kuwa kullum sai na yi masa magiya, kullum sai ya ce gobe. Ruwa ya yi ruwa, hanyar Bazaga ta yanke, Baffa ya maƙale a can, sai da ƙyar ya dawo. Kwanakin da Baba ya ce kaɗan ne suka kusa cika mako. Warin ya ƙaru, jan ya haura ƙauri, ina gani ina wankewa. Ranar da zazzaɓi ya rufe shi, bayan sallar asuba ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu tare da almakashinsa, ya ce, "A kira Illa."

Lokotoro ta buɗe ƙafar, na ga fuskarta na gane. Wannan karon ba wanda ya yi Faransanci. Ta dubi Baba ta ce ruɓar ta haura, yanzu sai saman gwiwa. Na buɗe baki zan ce ai ga irinta nan, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Kin hwaɗa mani, ɗiyata," ya ce mata. "Ba ki rage komi ba. Kwanakin ga ni nac ci su, ba ke ba."

Sai ya zaro ƙyallen ya gwada a ƙafar, ya ga ya gaza. Ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ana shirya ɗakin aiki, shi kuma ya warware farin rawaninsa ya yanki abin da zai cike. Zazzaɓi ya hana shi zura zare, ni na zura masa, na riƙe bakin ƙyallen yana haɗawa. Ɗinkin ya karkace, irin wanda da yaron shagonsa ne ya yi da ya sha ranƙwashi. A ƙofar ɗakin aiki lokotoro ta sake tambayarsa ko har yanzu ya yarda. Ya ce, "Na yarda. Bisimilla."

Baffa Illa, wanda ya so a yi abin a sace, shi ya karɓi ƙafar a naɗe cikin ƙyallenta. Bai yarda a sa ta a bayan mota ba, a kujerar gaba ya ɗora ta har Bazaga. Ya dawo da laka a wando, ya tsuguna gaban gadon yayansa ya ce, "An suturta ta, Yaya, ga gabas ga kabarin Innarmu." Ya rufe fuska da hula.

Warkewar ta ja mu. Ciwon mai suga ba ya saurin haɗewa, sai da muka ga ƙarshen damina a asibiti. Sauran awakin suka tafi, 'yan kunnena ma suka bi su. Akwai ranakun da Baba zai ce yatsan da babu yana masa ƙaiƙayi, in rasa inda zan sosa. Amma ko sau ɗaya bai sake ƙin abinci ko allura ba, kuma duk maganin da aka kawo sai ya tambayi amfaninsa, har ma'aikatan suka sa masa suna sufeto.

Ga ƙorafina, ba zan ɓoye ba. Ƙafar roba ga wanda ba shi da gwiwa wahala ce. An yi masa, yana sa ta ranar Juma'a kawai, sauran ranaku sanduna. Da an yi aikin a ranar farko, da yanzu yana tafiya kasuwa da kansa. Na faɗa wa lokotoro haka ranar da muka koma a duba shi. Ba ta kare kanta ba, ta ce gaskiya ne, ita ma tana tunawa da gwiwar nan. Har yau idan na ga yana fama da dokin ƙofa, raina yana ɓaci da ita. Amma idan na tuna kwanakin da ubana ke tsoron kunun da na dama masa da hannuna, sai in sa mata albarka. Na kasa zaɓar ɗaya, na bar su duka biyun.

Mai ciwon suga a gida, a riƙa duba masa tafin ƙafa kamar yadda ake duba tukunya a wuta, kada a jira ya ce yana jin zafi. Idan kuma likita ya juya harshe a kan majinyacinku, ku ce ya dawo Hausa. Kafin ku zauna gindin bishiya ku yanke masa hukunci, ku shiga ku tambaye shi abin da yake tsoro, mai yiwuwa ba abin da kuke zato ba ne.

An sa wa kekensa mariƙi, yanzu da hannu yake juya shi a ƙofar gida, kuma har yau shi ake aiko wa idan an yi rashi. Kwanan baya ina kawo masa shayi, marar suga, yana harara ta, sai wani tsohon abokinsa ya zo daga Malbaza dubiya. Ya kalli wandon da aka ninke, ya yi salati ya ce, "Wayyo Malam, ashe likitoci sun yanke maka ƙahwa."

Baba bai daina juya keken ba. "Babu wanda yay yanke mani," in ji shi. "Ni nab ba su. Ta dai riga ni zuwa Bazaga, tana can tana jira na, da suturarta."